Dalar Yahuza Ba Dalar Zongo Ba Ce

Yahuza jikan ƙawata ne, marigayiya Zulai mai goro, kuma a ɗakin ƙofar gidana yake haya tun wuyansa yana kamar na zakara. Ni ina ce masa mijina, shi yana ce mini amarya, ko da yake amaryar haƙoranta na sama sun daɗe da yin sallama. Sana'arsa ta gaskiya atamfa ce. Yana da rabin shago a kasuwar Rood Woko, ɗaya rabin na wani ɗan Mosi ne mai sayar da takalma. Amma in ka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce shi ɗan canji ne.

Ni dai na san 'yan canji. Na taso ina ganinsu a bakin tasha da damin kuɗin Ghana da na Najeriya, suna lasar yatsa suna ƙirga. Canjin Yahuza ba a lasar masa yatsa. A cikin telefon yake. Ya sayi dalar Amurka bai taɓa ta ba, ya sayar da ero bai ji warinta ba. Abin da ake gani kawai waɗansu sanduna ne, kore da ja, suna hawa suna sauka kamar ƙadangaru a bango.

Da safe in ina dama koko sai ya zo ya tsuguna gefen murhu, telefon a hannu, ya kama yi mini wa'azin kuɗi.

"Amarya, kuɗi ma dabba ce, kiwonta ake. Da hantsi mutanen Landan ke buɗe mata garke, bayan azahar Amurkawa su karɓi sanda."

"To kai a ina kake cikin kiwon?"

"Ni? Ina bin bayanta da ƙwarya, ko zan tatsi kaɗan."

"Mai bin bayan saniya ba nono kaɗai yake samu ba, mijina."

Ya yi dariya har kokon ya sarƙe shi. Wata rana kuma ya ce mini abin da ke ba shi mamaki shi ne, duk sanda ya saya, akwai wani a wani gari da ya sayar masa, kuma kowannensu yana kallon ɗan'uwansa wawa. Na ce masa haka cinikin goro yake tun zamanin kakanninmu, bambancin kawai mu muna ganin fuskar wawan.

Ba sai an tambaye shi yadda kasuwa ta kasance ba. Ranar kore, tun daga bakin layi ake jin ƙahon motonsa, ya shigo da gasassar kaza a takarda, ya saya wa duk gidan zoom-koom, ruwan geron nan mai ƙanƙara, har da matar wani makanike mai haya a gidan, wadda ba sa ga maciji. Ranar ja kuwa sai ka gan shi yana turo moton da ƙafa, wai esansi, man moto, yake tanadi. Amma ban taɓa jin ya ɗora laifi a kan kowa ba. Sai ya ce, "Yau na biya kuɗin lakkol," wato makaranta, ya ci tuwona ya kwanta. Gari na wayewa ya dawo gefen murhu da sabuwar hikima.

Ana nan sai Lailatu ta shiga ransa. Ita da uwarta suna da gidan abinci a unguwar Zogona, inda ɗalibai ke cin shinkafa da wake. Daga Rood Woko zuwa Zogona ba kusa ba ne, amma mijina ya gano cewa duk Wagadugu babu waken da ya dace da cikinsa sai na can. Yarinyar ma ba ta ƙi shi ba. Yarinya ce mai ido a buɗe, irin wadda ke zuba miya da hannu ɗaya tana karɓar kuɗi da ɗayan.

Matsalar ubanta ne, Malam Aliyu Sani, mutumin Ƙwanni, tsohon direban kamyo, babbar motar kaya, da ya tsufa a kan hanyar Lome. Wani ɗan gulma ya kai masa labari cewa Yahuza caca yake da manyan kuɗi a telefon. Da kawunnan Yahuza suka kai goron tambaya, tsohon ya sa aka maido da shi ko ganyen ba a kwance ba. A Zongo in goro ya dawo gida, magana ta mutu, sai dai wani ikon Allah.

Yahuza ya rame. Kore ko ja, moton da ƙafa yake turo shi. Lailatu ce ta yi ta bin ubanta da shayi da lallashi har ya yarda a kira masa yaron ya ji daga bakinsa. Ba a gayyace ni ba. Na yafa gyale na hau bayan moto, don in na bar shi shi kaɗai zai je ya yi wa tsoho bayanin garken Landan.

Muka same shi bayan la'asar a ƙarƙashin rumfa, da maƙwabtansa dattawa biyu. Bayan gaisuwa ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke ce lauyar?"

"Ni uwargida ce, Malam. Na zo ganin wadda za a kawo mini."

Bai yi dariya ba. Ya juya ga Yahuza.

"Yaro, ba na son dogon zance. Riba kowa yana faɗin tasa. Faɗuwa nake tambaya. Nawa ka taɓa faɗuwa a rana ɗaya, mafi muni?"

Yahuza ya sunkuyar da kai. "Dala ɗari biyu, Baba. Ranar ko ruwa bai wuce mini ba."

Sai kafaɗun tsohon suka fara rawa. Ya fashe da dariya har tari ya kama shi, dattawan nan suna taya shi.

Mu a Zongo, da mu da mutanen Nijar, da dala muke ƙirga sefa: tamma biyar, wato sefa biyar, ita ce dala guda. Dala ɗari biyu a kunnen Malam Aliyu jikka ɗaya ce tak, sefa dubu ke nan, kuɗin faranti biyu a shagon matarsa. Ni na gane inda aka yi saɓani, na kama bakina gam.

"Wannan ce cacar?" in ji shi yana share hawaye. "Jikka guda ta hana ka shan ruwa? Ai jandarman hanya ɗaya ya fi haka ci a hannuna kafin in karya kumallo! Mutumin da ke ciwo a kan jikka ba zai watsar da gidan ɗiyata ba. Ku ce wa kawunnanka su dawo da goro."

Na ce alhamdu lillahi, na fara neman takalmina. Sai na ji mijina yana gyara murya. Na kai masa tsunguli a cinya, irin wanda ke tayar da mai suma. Bai ko motsa ba.

"Baba, a gafarce ni. Dalar Amurka nake nufi."

 Tsohon ya tambayi nawa ke nan a kuɗinmu. Yahuza ya ce ya haura jikka ɗari. Ɗaya dattijon ya yi salati da ƙarfi. Ni kuwa a raina ina cewa, Zulai, kin bar mini jika mai gaskiyar da ba a tambaye shi ba.

Malam Aliyu ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Na ɗauki fasinjoji da yawa a rayuwata. Ban taɓa ɗaukar wanda na yi kuskuren rage masa kuɗin mota, ya tsayar da ni ya cika ba." Ya nuna shi da carbin. "Kai wawa ne, amma ba maƙaryaci ba. Wawa ana iya zama da shi in matarsa tana da wayo, kuma tawa tana da shi. Sharaɗina biyu. Shagon atamfa ba ka rufe shi. Kuɗin cefane kuma a hannun Lailatu zai kwana, ba ya leƙa telefon ɗin nan ko da sandunan sun yi kore kamar damina."

"Na yarda, Baba."

"Kada ka yi saurin yarda, ba ka san ta ba tukuna."

Daga bayan labulen zaure muka ji an ce, "Baba, ina jinka fa." Sai kuma guɗar uwarta ta tashi daga cikin gida, tun goron bai dawo ba.

A hanyar komawa yana tuƙi yana murza cinya.

"Amarya, kin kusa cire mini nama."

"Tuƙa mu, gafara. Saura tsungulin ranar ɗaurin aure, in liman ya yi tambaya ka ce kana da ƙarin bayani."