Kawu Ummaru da Zomonsa na Benci

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kawu Ummaru mai injin niƙa a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a Gummi, ya san shi ba wasan yake zuwa kallo ba. Benci yake kallo. A ci ƙwallo gida ya ɗauki ihu, shi ko gezau. Amma da an nuno 'yan canji suna zaune sun naɗe hannu, sai ya miƙe da garin masara fari fat a gira, yana ture kawunan mutane.

"Ku duƙa in ga mutanena."

"Kawu, ana can ana wasa," in ji ni wata rana.

"Waɗanga sun gaji tun da anka busa. Ƙwallon na ga waɗanda ba su yi zuhwa ba."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni na jawo mana bala'in da kaina, don ni na koya masa fantasi. Wasa ne na waya: ka zaɓi 'yan ƙwallon Turai ka haɗa ƙungiyarka, duk mako abin da suka yi a fili ya zama makinka. Kana da 'yan benci, amma makinsu ba ya shiga sai in wani cikin na farkonka bai buga ba. Saboda haka kowa tarkace yake zubawa a benci, ya ƙarar da ƙarfinsa kan manya. Kawu da benci ya fara. Ya sayi wani shahararren ɗan gaba, sannan ya nemo yaron da ke jiran gurbinsa a kulob ɗaya, wani siriri mai gudun tsiya wanda ba a sa shi sai wasa ya kusa tashi. Sunansa ya gagari harshen Kawu, ya raɗa masa Zomo.

Na ce asara ce. Ya ce, "Kai ka taɓa ganin mai inji da bel guda?"

Babban abokin hamayyarsa taubashinsa ne, Alhaji Sani, mai sayen zinare a wajen Anka. Shi komai sai mai ƙyalli, haka ma ƙungiyarsa. Duk mako in sakamako ya fito sai ya kira waya, a buɗe murya kowa ya ji.

"Bawana, mi Zomo ya kawo wanga mako?"

"Maki guda."

"Kuma shina benci, ko gudan ba ka ci ba."

"Ajiya ta, Sani. Kai ba ka san ajiya ba."

Da tsiyar ta yi yawa, Alhaji Sani ya ce a sa wani abu. Kawu ya ce shi ba ya caca, ko sisi ba za ta shiga ba. Sai dai wanda ya ƙare a ƙasa in kakar wasa ta ƙare, zai ɗauki ɗan'uwansa a baro, ya tura shi daga gidan kallo ta bakin tasha har ƙofar gidan wanda ya yi nasara, da rana tsaka. Aka tafa a gaban shaidu. Na ji wa Kawu tsoro, don a lokacin Alhaji ya yi masa nisa, ga Kawu da ciwon baya, ga Alhaji kamar buhun gero biyu a ɗinke.

Na roƙe shi ya sayar da Zomo ya ƙara ƙarfin 'yan farkonsa. Ya ƙi. Maimakon haka sai ya kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa ganin ƙwallo a talabijin ba. Ina tsakar gida na ji su.

"Inna, wani yaro na ag gare ni, ga ƙwazo, maigidansa ya hana mai aiki. Ki sa shi addu'a."

"Ɗan wa ne?"

"Ba ki san su ba, nesa suke."

"To wa ya tare mai wuri?"

"Wani babba na."

"In roƙa a kau da shi?"

Kawu ya tsaya lissafi, don babban ma nasa ne. Can ya ce, "A'a Inna, ban son a karya ɗan kowa. Mura ma ta isa."

Ashe shekarar nan ce da aka yanke mana sabis ɗin waya. Kun tuna yadda muka koma, waya ta zama tocila. Gidan kallo bai tsaya ba tunda shi da tauraro yake aiki, amma ba mai iya taɓa ƙungiyarsa. Yadda ka bar ta haka take. A makon farko babban ɗan gaban nan ya dafe cinya ya zauna a fili, aka fitar da shi. Aka ce zai daɗe. Shi ne kuma kyaftin ɗin Alhaji Sani, mai ninka masa maki, kuma bencin Alhaji babu mai ko taɓa ƙwallo a ciki.

Mako na gaba aka fara da Zomo. Jama'a, yaron nan ashe yunwa yake ji. Ya kwasa da gudu tun daga tsakiyar fili, masu tsaron baya na binsa kamar an saki akuya a kasuwa, ya zura. Ya sake zurawa. Ranar ce kaɗai na ga Kawu ya kalli fili. Hularsa ma a bayan janareta muka tsinto ta.

Haka Zomo ya yi ta yi mako bayan mako, mu kuwa ba mai ganin maki. Alhaji Sani ya kasa haƙuri, ya hau mota ya nufi hanyar Sakkwato neman sabis. Ya dawo ya ce bai samu ba. Sai da aka maido mana da layi muka buɗe, ga Kawu can sama, ga ƙungiyar Alhaji kuma da Zomo a ciki, har da kambun kyaftin. A makon da ya saye shi ne kuma babban ya warke, Zomo ya koma benci.

Kawu ya kira shi. "Sani, ashe kai ma ka fara kiwon zomo? Ka sawo shi ya ƙoshi."

Ratar nan ba ta sake rufuwa ba. Ranar cika alkawari Kawu ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya shimfiɗa darduma a baro, ya zauna ya harɗe. Alhaji Sani ya tuɓe agogo ya kama. Masu shayi suka bar tukwane, 'yan acaba suka jeru a baya suna danna oda. Kawu yana ɗaga wa mutane hannu, yana cewa, "Sannu-sannu direba, akwai rami gaba." A bakin tasha Alhaji ya tsaya yana haki, na matsa zan karɓe shi. Kawu ya daka mini tsawa.

"Kai, koma. Wanga wasa babu canji."

Bara ciwon bayan nan ya zama wani abu dabam, ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ranar jana'iza Alhaji Sani ne ya kama gaban makara. Kun san yadda ake yi, kowa ya ɗan ɗauka ya ba wani. Shi ya ƙi saki. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Alhaji, kawo in karɓe ka." Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

"Bar ni. Ni as saba kai shi gida."

Har yau in na tuna, dariyar da kukan tare suke zo mini. Allah Ya jiƙan Kawu Ummaru, Ya yafe masa, Ya sa ya huta. Ya ba Inna haƙuri, Ya ba Alhaji Sani ladan ɗaukar nan. Amin.