Ajin Malama Rakiya, Inda Yara Ke Gyara wa Juna Magana

Shekara tara ke nan da rasuwar Malama Rakiya, ƙawata kuma abokiyar aikina a wata makarantar firamare ta gwamnati a Unguwar Mu'azu, cikin garin Kaduna. Tana koyar da 'yan aji biyar, ni ina aji huɗu, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma bangon bai kai har rufi ba. Don haka duk abin da ake yi a ajinta ina jin sa, ko ina so ko ba na so. Ita Musulma ce 'yar Tudun Wada, ni kuwa Kirista ce, iyayena daga Filato suka zo aikin masaƙa. A kwano ɗaya muke cin abincin rana, kuma a lokacin babu wanda ya ɗauki hakan abin magana.

Kowace Alhamis bayan an dawo daga tara, Malama Rakiya takan ajiye alli ta koma bencin baya ta zauna. Sai yaro ɗaya ya fito gaban aji ya yi bayani a kan abin da ya sani: yadda ake ɗaura tayar keke, yadda kakarsa ke yin daddawa, dalilin da ya sa kwatar layinsu ke toshewa da damina. Tun farkon mako take haɗa su biyu-biyu, su fita gindin mangwaro su gwada wa juna. Idan mai magana ya gama, 'yan aji ne ke yi masa gyara, ba ita ba. Amma akwai ƙa'ida. Kafin ka faɗi abin da bai yi daidai ba, sai ka fara maimaita abin da ka ji ya ce, har shi ya yarda cewa ka fahimce shi. Sannan ka kawo gyara guda, kana kallon idonsa. Wanda ya yi dariya, shi ne zai fito mako mai zuwa.

Mu malamai mun sha tsokanarta cewa ta samo dabarar hutawa. Takan yi murmushi ta ce, "Malama Saraya, koya wa yaro magana ba wuya. Koya wa sauran su yi shiru su ji shi, nan aikin yake."

Na ga amfanin abin ne a shekarar da aka yi wata rigimar addini a gari, aka rufe makarantu na ɗan lokaci. Da yara suka dawo, babu wanda ya ce su raba wurin zama, amma sai ga su sun rabu da kansu, waɗannan ta taga, waɗancan ta ƙofa. Wasu iyalan sun kwashe kaya sun koma unguwar Nasarawa, wasu daga can sun dawo Unguwar Mu'azu. A ajina na yi ta faɗa, ban ga canji ba. Ita kuwa wata hanya ta bi. Sai ta sake haɗa su biyu-biyu, tana ɗaukar ɗaya daga taga, ɗaya daga ƙofa.

A cikinsu akwai Iliya, ɗan wani ma'aikacin masaƙa, yaro mai in'ina sosai, wanda ko sunansa aka kira sai ya sha wuya kafin ya amsa. Ta haɗa shi da Hadiza, 'yar wani Alhaji mai shagon yadi, yarinya mai kaifin baki da kowa ke shakkar ta. Ba a yi kwana nawa ba sai ga Alhajin a makaranta, ransa a ɓace. Ina tsaye a baranda na ji yana cewa, "Malama, karatu na kawo ta ko surutu? Kuma duk yaran ajin nan ba ki ga wanda za ki haɗa ta da shi ba sai wannan?"

Ta ce, "Alhaji, 'yarka ta iya magana, jira ne ba ta iya ba. Shi kuma yana da abin faɗa, mai jiran sa ne bai samu ba. Ka ba ni zuwa ƙarshen zango. In ba ka ga amfani ba, ni da kaina zan raba su."

Bai ce ya yarda ba, amma bai cire ta ba.

Na riƙa hango su a gindin mangwaro. Da farko Hadiza ce ke ƙarasa masa kowace kalma, shi kuma sai ya yi fushi ya rufe baki. Malama Rakiya ta hana ta. A hankali yarinyar ta koyi haɗiye maganarta. Ranar da ya gwada a gaban aji, a kan yadda auduga ke zama atamfa kamar yadda babansa ya bayyana masa, na ji gyaran da Hadiza ta yi masa ta saman bango. Ta ce ta ji ya ce sai an mayar da auduga zare kafin a saƙa, sannan a buga zane. Ya ce haka ne. Sai ta ce, "Gyarana ɗaya ne. In maganar ta maƙale, ka daina kallon ƙasa kamar ka yi laifi. Mu muna nan, ba inda za mu."

A ƙarshen zango aka gayyaci iyaye, aka jera musu benci a fili. Iliya ya fito ya fara da kyau, sai ya zo kan wata kalma ta ƙi fita. Ya yi ta fama, gumi na keto masa. 'Yan ajinsu ko motsi ba su yi ba, amma manya suka fara gunaguni, wani har ya ce a taimaki yaron nan a zaunar da shi. Sai Hadiza ta miƙe ta juyo ta fuskanci iyaye, da babanta a cikinsu, ta ce, "Don Allah ku bari, yana zuwa." Fili ya yi tsit. Iliya ya ɗago kai, kalmar ta fito, ya kai bayaninsa har ƙarshe. Mahaifiyarsa ta rufe fuska da gefen zaninta tana kuka. Alhaji kuwa, da aka tashi, ya je ya miƙa wa mahaifin yaron hannu, suka tsaya suna hirar yadi, ɗaya mai saƙawa, ɗaya mai sayarwa.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban rubuta shi da nauyin zuciya ba. Masaƙar ta sallami ma'aikata, iyayen Iliya suka koma garinsu, ba mu sake jin labarinsa ba. Kowace shekara yaran da ke zuwa daga ɗaya ɓangaren suna raguwa, har aka wayi gari babu wanda za a ɗauko daga ƙofa a haɗa da na taga. Ni ma aka yi mini canjin wurin aiki. Malama Rakiya ta ci gaba da Alhamis ɗinta, tana ta roƙon a ba ta dama ta nuna wa sauran malamai yadda ake yi. Ana ce mata to, za a duba. Ana cikin dubawa ciwo ya kwantar da ita. Da na je gaishe ta a asibiti, abin da ya dame ta shi ne akwai yaran da layi bai zo kansu ba. Bayan rasuwarta aka mayar da wannan lokaci na bitar jarrabawa, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na je bikin wata makarantar kuɗi kwanan baya, yara sanye da kwat suna zuba jawabin Turanci da malami ya rubuta musu suka haddace. Iyaye na ɗaga waya suna ɗauka, ana tafi. Na tambayi wata yarinya me jawabinta yake nufi, ta kalle ni ta ce ba a koya musu wannan ba. Ga matasa kuma, kowa na magana a waya, kowa na mayar da martani, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya fahimci ɗan'uwansa kafin ya zage shi. Ina jin ba za ta yi wa kowa faɗa ba. Abin da zai fi ƙona mata rai shi ne yaro ya gama firamare a kudancin garin Kaduna bai taɓa zama benci ɗaya da wanda addininsu ya bambanta ba, balle ya saurare shi.

Idan aka auna abin da ta bari da ido, kaɗan ne. Ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba, kuma malaman da ke makarantar yanzu ba su san ta ba. Ɗalibanta sun watsu, ban san nawa ne a cikinsu suke tunawa ba.

Amma a watan jiya 'yar autarta, Maryam, ta zo gidana a Nasarawa. Ta samu aikin koyarwa a wata firamare a Rido, inda har yanzu ake samun 'ya'yan kowa a aji ɗaya. Tana ƙarama lokacin da uwar ta rasu. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata ta ce, "Mama Saraya, an ce ke ce kika fi kowa sanin yadda Umma take yi. Ki koya mini." Na faɗa mata duk abin da na iya tunawa, ina jin zafin cewa rabi kawai nake ba ta, don sauran ya tafi da mai shi. Ta ce ya ishe ta farawa, amma tana so ranar farko in je in zauna a ajin in gaya mata inda ta kuskure. Gwiwoyina ba sa son doguwar tafiya yanzu, hanyar Rido kuma ba daɗi. Na ce mata ta ajiye mini wuri, zan zo.

Allah ya jiƙan Rakiya, ya sa ta huta.