Carbin da ke amayar da rana

Carbin tsarabar Makka ce da wani abokin Baba ya kawo masa, na roba, fari mai ɗan kore-kore. Da rana ba shi da wani abin kallo. Amma in ya sha rana aka shiga da shi duhu, sai ka ga kowace ƙwaya tana haske ita kaɗai, a hankali kuma ta dushe. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Daura, kuma na daɗe ina neman kalmar da zan faɗa wa ɗalibaina wannan aiki da ita. Ba ƙyalli ba ne, don ƙyalli sai haske na dukan abu. Ba ci ba ne irin na wuta, don ba zafi. Baba ne, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya raba gardama. "Rana ya sha, yake amayar da ita," in ji shi. Har yau da wannan nake koyarwa.

Baba dillalin shanu ne. Shekara da shekaru yana cin kasuwar Mai'aduwa daga ƙauyenmu na wajen Baure, kuma daga nesa yake gane saniyar da ba za ta kai kaka ba. Da idonsa ya fara hazo, da ƙyar na ja shi asibiti a Katsina. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ba da maganin ɗigawa, ya ce da zarar gani ya ƙara raguwa a dawo da shi maza, don abin da ya tafi ba ya dawowa. A mota Baba ya rantse shi da asibiti har abada.

To ta yaya zan san ko ganin na raguwa, ga mutumin da ko ƙaya ya taka sai ya ce lafiya lau? Nan iyayi na boko ya motsa. Na ƙirƙiro gwaji, ina ta yaba wa kaina. Duk Asabar sai in hau mota zuwa Baure, in ƙarasa a babur. In shanya carbin a kan danga har azahar, in shigar da Baba ɗakinsa, in rufe ƙofa, in toshe taga da bargo. Sai in koma wata kusurwa in ɗaga carbin.

"Baba, ina yake?"

"Ga shi can dama, Uwata, kusa da randa. Kore shar."

Bai taɓa kuskure ba. Sai in buɗe ƙofa ina fara'a, mu ci tuwo, ya yi mini tsiyar wai albashina ko ɗan maraƙi ba zai saya ba. In koma Daura hankalina kwance. Haka muka yi wata bakwai.

Wata Asabar cikin damina na iso sharkaf. Kwana uku ke nan ba a ga rana ba, carbin kuma yana aljihun rigarsa a rataye. Na so in bar gwajin, amma sabo ya sa na ɗauko carbin, na rufe ƙofa da taga, na ɗaga shi. Ni kaina ban ga komai a hannuna ba. Na buɗe baki zan ce a bari sai wani satin, sai na ji muryarsa.

"Ga shi nan hagu, wajen akwati. Yau ma ya fi haske."

A wajen akwatin kuwa nake. Na damƙe ƙwayoyin a tafin hannu don kada su yi motsi, na cire takalmi, na lallaɓa bayan ƙofa, na riƙe numfashi. Ya daɗe yana juya kai, bai gano inda nake ba. Ashe duk watannin nan ƙarar carbin yake bi, da takuna. Likitan ya faɗa mini daga baya cewa da an zo da wuri da an ceci wani abu. Ban taɓa jin haushin kaina kamar na ranar ba, har yanzu kuma bai sake ni ba.

Na yaye bargon taga, na durƙusa a gabansa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Don Allah me ya sa ba ka faɗa mini ba? Tsoron asibitin ne?"

Ya lalubo kaina ya dafa.

"Asibiti me zai yi mini, Uwata? Da can daga Sallah sai Sallah nake jin muryarki. Na ga in dai ina gani, za ki zo Asabar."