Dattijo da Faifai Biyu

Mai shagon fina-finai tana satar kallon dattijon da ya kafe a gaban teburinta. Furfura ta cinye rabin gemunsa, hannayensa kuwa irin na wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a tuƙin babbar mota. Faifai biyu yake ta juyawa, duka labarin wani yaro ne da ya ƙi girma, ya tafi ya bar wata yarinya tana jiransa, ɗaya na zane, ɗaya na mutane.

"Na zanen ya fi ban dariya, Baba," in ji ta. "Na mutanen ya fi taɓa zuciya. Wa za a kai wa?"

"'Yata. Na yi mata alkawarin za mu kalla tare."

"Shekararta nawa?"

Ya miƙa tafinsa daidai ƙugu, sai ya tsaya. A hankali hannun yake hawa har ya kai kafaɗarsa, idonsa na ƙasa. Ashe alkawarin a hanya ya tsufa.

"'Yar nan, a wanne ne yaron yake dawowa ya tarar da yarinyar yadda ya bar ta?"

Ta so ta yi masa ƙarya, bakinta ya ƙi.

"Babu, Baba. A duka biyun ta girma."