Babban Bututun da ke Bayan Ƙofa

Ɗana na biyu mai gyaran famfo ne. A nan Madina na haife shi, amma tun da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu bai ƙara wuce unguwar Ƙiblatain ba, don tsoron masu binciken takarda. Sai ya koma zaman ɗaki da waya. A wayar ya ci karo da labarin wani Bafaranshe na zamanin da, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙera wa coci-coci wani abin busa mai tarin bututu, tsayinsa kamar bene. Da Larabci yake ba ni labarin, ina amsa masa da Hausa. Wai mutumin yakan shige cikin abin ya wuni, yana gyara bakin kowane bututu da wuƙa har muryarsa ta dace da ta 'yan'uwansa. Wai iska ce ta fi ba shi wuya, yadda za ta riƙa zuwa ba yankewa.

Na ce ai wannan zuga-zugi ne. Babana maƙeri ne a Damagaram, ni nake yi masa zuga.

Da ragowar bututun aiki ya haɗa nasa, ni kuma na ɗinka masa zuga-zugi da fatar ragon layya. To, gidanmu a Al-Sih bangonsa ba kauri, mai gidan kuma a ƙasanmu yake. In ya kai ƙara, abin da za a fara tambaya takarda ce. Don haka kafin mu taɓa, sai na cusa auduga a bakin bututun, na kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya rufe ƙarar. Ƙananan bututun suna ɗan kuka kamar 'yan tsaki. Babban, wanda ya fi ɗan nawa tsayi, ba mu taɓa buɗe shi ba. Ya ce a bakin tekun Yanbu za a ji shi sosai. Mu duka mun san akwai shingen masu binciken takarda a hanyar.

Wata rana da la'asar ya zare audugar babban, ya ce da Hausa, "Inna, sau ɗaya kawai."

Na danna zuga-zugin a hankali. Kafin kunnena ya ji komai, tafin ƙafata ya ji, kofunan shayi suka fara rawa a faranti. Sai aka ja kujera a ƙasa, wajen mai gidan. Na ɗauke hannuna.

Da kansa ya mayar da audugar. Bututun yana nan bayan ƙofa, a kansa nake rataye abayata.