Ranar da ɗiyata ta ƙi amsa kirana

Shekarun baya, lokacin ina goyon ɗana na biyu, na taso daga Maradun zan je Bakura sunan jaririn ƙanwata. Daga ni sai jariri a baya, sai ɗiyata ta fari da ba ta wuce shekara huɗu ba.

A lokacin garuruwanmu ba lafiya, kowa ya san abin da tarin babura ke nufi. Ni kuma Allah ya yi ni da tsoro, ko murfin tukunya ya faɗi sai na yi salati. Shi ya sa kullum nake zaunar da yarinyar nan ina ce mata, "In kin ga babura da yawa, ki ruga cikin gona ki kwanta. Kar ki yi kuka. Ko wa ya kira sunanki kar ki amsa, ko da muryata kika ji." Mijina har faɗa yake min, wai zan sa wa yarinya ciwon zuciya. Ban daina ba.

Mun wuce Talata Mafara kaɗan sai muka tarar an tare hanya, motoci sun yi layi a gefen titi. Direbanmu, wani dattijo mai furfura, ya leƙa ya dawo yana dariya.

"Kowa shi sauka shi sha iska. Tseren keke a kai, sai sun wuce."

Na ce, "Baba, keke kuma? Don keke za a tsai da mota?"

"Ɗiyata, ba irin keken kai niƙa ba ne. Waɗanga sana'arsu ke nan."

Ban yarda ba, amma na sauka. Bayanmu gonakin masarar rani ne, ta yi tsawo ta fi mutum, can ƙasa kuma kanal, wato magudanar ruwan dam ɗin Bakolori, ya cika yana gudu.

Sai ga ƙarar babura. Suka ɓullo a jere, fitilu a kunne da rana tsaka, wata mota na jiniya a bayansu. Wallahi ban san sanda na durƙusa ba. Wata tsohuwa da muka zauna kujera ɗaya ta dafa ni ta ce, "Ke tashi, masu rakiya ne. Ba ki ga tuta ba?"

Ina ɗagowa sai ga kekunan. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Maza sun dunƙule wuri ɗaya kamar garken tumaki, kowa ya kifa kai, da hula kamar ɓarin ƙwarya, da kaya masu ɗame jiki har na ji kunya ta kama ni. Tayar keken ba ta fi yatsana kauri ba. Ba mai magana, sai wani zuuu kamar zuma ta tashi, iskarsu har ta ɗaga min hijabi. Wani ya kurɓi ruwa ya yar da gorar bai ko waiwaya ba. Bayansu motoci ɗauke da wasu kekunan a kan rufi. Mutane na ta ihu da tafi, ni kuwa na saki baki.

Na juya in ce wa ɗiyata ta gani. Ba ta nan.

Na duba cikin mota, na duba ƙarƙashinta. Na bi mutane ina tambaya, ba wanda ya lura, idon kowa na kan titi. A bakin gona na tsinci takalminta ƙafa ɗaya. Nan na gane. Ta ga babura, ta ga na durƙusa, ta yi abin da na koya mata.

Na kutsa cikin masara ina ƙwala mata kira, ganye na yankar fuskata, jariri na tsala kuka a baya. Fasinjoji suka bazu suna taya ni. Shiru. Ni dai kanal ɗin nan nake hange, don na ga wasu samari sun fara bin bakinsa suna leƙen ruwa.

Direba ya ce, "Ki ƙara kira da ƙarfi, muryarki ta sani."

Na fashe da kuka na ce, "Baba, ba za ta amsa ba. Ni na hana ta."

Bai tambaye ni dalili ba, shi ma ɗan ƙasar nan ne.

Can wani abu ya faɗo min. Yarinyar nan in ta tsorata shaƙuwa ke kama ta, tun tana jaririya. Na roƙe su don Allah kowa ya yi shiru. Direba ya bi layi yana sa masu motoci su kashe inji. Tsohuwar nan ta karɓi jaririn ta koma titi da shi. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa.

Sai na ji "hik". Na kasa kunne. Na sake ji, ta hannun hagu.

Na same ta kwance rub da ciki tsakanin kunya biyu, ta toshe bakinta da hannuwa, tururuwa na bin ƙafarta amma ba ta motsa ba. Tsakaninta da ruwa bai kai tsawon tabarma ba. Na sungume ta. Ta kai baki kunnena ta ce a hankali, "Inna, sun tafi? Ban amsa ba ko?"

Na gyaɗa mata kai.

Da muka fito titi sai ga wani mai keke shi kaɗai, an bar shi a baya, yana tafe yana haki. Ta bi shi da kallo ta ce, "Inna, shi bai iya ɓuya ba?" Mutane suka kwashe da dariya, ni ina dariya hawaye na zuba.

Yanzu ta girma, ba ta ma tuna ranar sosai. Har yau ban san ko kuskure na yi da na koya mata ba, don da waɗancan baburan ne na gaske, shirunta ne zai cece ta. Abu ɗaya na canza: ƙannenta na ce musu in sun ji ina kiran sunan kakarsu, to ni ce, su fito. Amma ko yanzu in na ji yaro na shaƙuwa a cikin mota, sai na waiwaya na ƙirga nawa.