Ranar da Yaya Ya Kunna Muryar Baba

Baba bai daɗe da yin ritaya daga aikin gwamnati ba Mama ta rasu. Ya ci gaba da zama a gidanmu na Kawo a Kaduna, tare da babban yayanmu da iyalinsa. Ni ce auta, ina aure a Malali, don haka nakan leƙa shi a kai a kai.

Ciwon suga ya matsa masa a lokacin. Wata rana ya fita sayen magani da safe, ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi, sai bayan la'asar muka gano asibitin da aka kai shi. Da ya warware, Yaya ya ɗauki wayarsa ya kai wa wani mai gyaran waya a Babbar Kasuwa, aka saka mata wata manhaja. Ya ce mana aikinta nuna inda Baba yake a taswira, kuma duk wata sai an biya. Baba kuwa aka ce masa batiri aka canja.

Ba zan ce ba ta yi amfani ba. Akwai ranar da sugan ya sauka masa a kusa da gadar Kawo, ya zauna a ƙasa, ko sunan unguwarsa ya kasa faɗa. Yaya ya bi ɗigon nan na taswira ya same shi kafin abin ya yi tsanani. Duk muka yi ta sa masa albarka.

Daga baya Yaya ya lura duk Asabar ɗigon yana bin hanyar Zariya, ya tsaya a wani gida a Rigachikun har azahar. Da aka tambayi Baba, ya ce zumunci yake zuwa. Yaya bai sake tambaya ba. Ashe komawa ya yi wajen mai gyaran nan, ya ƙara kuɗi aka buɗe masa sauran: saƙonni, kira, har saƙon murya.

Ranar Babbar Sallah muka taru a falo bayan an ci abinci, yayyena mata biyu da mazajensu, da mijina, da matar Yaya. Baba yana kan kujerarsa, da 'yar tasar nama a cinya. Yaya ya ɗauko sifika ya haɗa da wayarsa.

"Ku yi shiru," ya ce, "ku ji huɗubar da ba a yi a Idi ba."

Sai muryar Baba ta cika falon, a tausashe, irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa ba.

"Sista, kin tashi lafiya? Na sha maganin kafin in karya, kamar yadda kika ce. Gidan nan cike yake da mutane, amma sai in wuni ban yi hira da kowa ba. Ke kaɗai ce kike tambayata me na ci."

Da matar ta amsa, na gane ta. Tsohuwar nas ce, Kirista 'yar kudancin Kaduna, mijinta ya rasu da daɗewa. Ita ta yi jinyar Mama a asibiti har ƙarshe, ita ce take juya ta, take goge mata baya. A saƙon tana yi masa faɗa ne a kan shan shayi da suga, shi kuma yana dariya.

Matar Yaya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Mijin babbar yayata ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

Baba ya ce, "A ina ka samo wannan?"

"A wayarka. Kai fa muke tsarewa, Baba."

Na ce, "Yaya, don Allah ka kashe. Akwai surukai a nan."

"Ke rufe mana baki. Surukan ai gara su sani, kafin wata tsohuwa ta zo ta gaje gidan da aka haife mu."

Ya danna wani. A wannan Baba yana magana ƙasa-ƙasa. Yana gaya mata fitsari ya fara kufce masa, da asuba yake wanke wandonsa da kansa, ya shanya a bayan ƙofa don kada matar ɗansa ta gani. Yana tambayarta ko akwai magani. Can muryarsa ta karye, aka ji yana jan hanci.

Mijina ya tashi ya fita. Yaya bai kashe ba sai da saƙon ya ƙare, sannan ya ce, "To kun ji. Mu 'ya'yansa ba mu isa ya gaya mana ba, sai ita."

Baba ya ajiye tasar a ƙasa a hankali. Ya dafa hannun kujera zai miƙe, ƙafarsa ta ƙi, ya sake gwadawa. Na kama shi, ya zare hannunsa daga nawa. Ya ratsa ta tsakiyarmu yana jan babbar rigarsa ta Sallah, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Yaya bai tsaya nan ba. Ya samo lambar ɗan matar, ya tura masa saƙonnin, ya ce ya ja wa uwarsa kunne. Matar Yaya ita ma ta tura wa ƙanwarta, wai don ta yi dariya. Kafin wata ya ƙare zancen ya zagaya layinmu. Baba ya je sallar azahar, wani maƙwabci ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Alhaji, ya Sista?" Tun ranar ya koma yin sallah a ɗaki. Na tambayi Yaya ko mai gyaran wayar ma yana iya jin saƙonnin nan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai tambaya ba.

Baba bai jefar da wayar ba, bai kuma ce a cire komai ba. Idan mun kira ya ɗauka, ya ce lafiya lau, ya yi shiru har mu gaji mu kashe. Ya daina fita. Yaya yakan nuna wa baƙi taswirar yana cewa, "Kun ga, yanzu hankalinmu kwance. Ko ƙofar gida ba ya zuwa."

Da damina ta ja baya, wata Asabar na je na tarar Yaya ya fita. Baba yana zaune a bakin gado, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na rufe ƙofa, na miƙa masa wayata.

"Baba, ka kira Sista da tawa."

Ya daɗe yana kallonta. "Auta, ita taki ba wanda ke saurara?"

"Babu, Baba."

Bai nemi a duba masa lambar ba, da ka ya danna ta. Ya gyara hularsa, ya gyara murya. Wayar ta yi ta ƙara, sannan namiji ya ɗauka. Ɗakin shiru ne, don haka na ji komai. Ɗanta ne. Ya ce ya ɗauke uwarsa daga Rigachikun, tana wajensa. Ya ce a cocinsu ma an ji zancen, ta yi makonni ba ta iya shiga mutane. Ya ce mace ce da ta yi aikinta da mutunci har ta tsufa, ba ta taɓa roƙon kowa komai ba.

"Baba, da girmanka," ya ce, "kada ka sake kiran layin nan."

Baba ya ce, "To. Ka ba ta haƙuri." Amma an riga an kashe.

Ya goge fuskar wayar da gefen rigarsa ya miƙo mini. Ya tambayi mijina, ya tambayi yara, ya ce in tafi da wuri tunda hadari ya haɗo. Na ce zan zauna in dafa masa wani abu. Ya ce a'a, ya ƙoshi. Ya kwanta ya juya fuskarsa bango, ni kuma na ɗauki jakata na fito neman keke.